Ciwon Da Ke Sa Ciki Ya Ci Kansa

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar Talata Mafara ana feɗe sa, watakila ya ga wata tsoka mai laushi manne da farkon hanji. Mutum ma yana da irinta a bayan tumbi, likitoci suna kiranta fankiriyas. Ita ce ke zubo ruwan da ke narkar da nama da kitse a hanji, kuma ƙarfin ruwan nan yana ga wani sinadari, wai shi tirifsin.

Ikon Allah, tirifsin ba ya farkawa sai ya isa hanji. Amma in tsakuwar matsarmama ta toshe hanya, ko giya ta yi yawa, sai ya farka tun a gida ya shiga cin tsokar da ta haife shi. Nan take mutum zai ji ciwo mai tsanani a saman ciki yana ratsawa har gadon baya, ga amai. Wani likita mai suna Chiari shi ya bayyana haka a 1896.

To, da masana suka gane ɓarawon, sai suka shiga neman dabaibayi. A 1936 Kunitz da Northrop na Amurka suka ware wani sinadari mai ɗaure tirifsin daga fankiriyas ɗin sa. Daga baya kamfanin Bayer na Jamus ya riƙa tatso irinsa daga huhun shanu, ya sa masa suna Trasylol. Manoman Faru da Bakura za su yi mamakin jin cewa ɗanyen waken gonarsu ma yana da wani makamancinsa, sai dahuwa ke karya shi.

A kan dabbobin gwaji maganin ya yi abin kirki, aka yi ta murna. Da aka zo kan mutane sai labari ya sha bamban. Gwajin Trapnell a Ingila a 1974 ya nuna kamar yana rage mutuwa, amma babban gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya da dama a 1977 bai ga amfaninsa ba. Wani kuma, gabesat, da Japan ta fito da shi, haka ya ƙare a gwajin Jamus na 1993.

A ganinmu dalilin a fili yake. Dabba ana yi mata allurar ne tun ciwo bai kankama ba, mutum kuwa sai wuta ta ci rabin ɗaki yake isa asibiti, balle wanda za a ɗauko daga ƙauyukan Maradun bayan an gwada jiƙo kwana biyu.

Abin da ke ceton rai yau shi ne ƙarin ruwa da wuri, da maganin rage zafi, da komawa cin abinci da zarar ciki ya karɓa, sannan a cire matsarmama in tsakuwa ce sanadi. Saboda haka wanda ciwon cikinsa ya ratsa baya da amai, a kai shi asibiti ran nan, kada a bari ya kwana.