Lissafin da Ke Cikin Rumbu da Faifai

Duk malamin da ya taɓa koyar da lissafi a makarantar sakandare ya san inda aji kan yi tsit, wato wurin lissafin siffofi, wanda ake kira jometiri. Ɗalibi kan haddace 22/7 tamkar karatun aku, amma ranar jarrabawa da an ɗan sauya fasalin tambaya sai ya rasa ta inda zai kama. Abin takaici, yaron nan ya baro wannan ilimi a gida bai sani ba.

A ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, idan magini zai gina rumbu ko ɗakin kago, turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya ja ta yana shata ƙasa har ya zagayo. Kamfas ke nan. Malami na iya fita fili da ɗalibansa su gwada. Igiya mai tsawon mita 22, in aka yi da'ira da ita, za ta kewaye fili mai murabba'in mita 38.5, in kuwa aka yi siffa mai gefe huɗu daidai-wa-daida, 30.25 kurum za a samu. Ashe da ƙasar gini iri ɗaya, zagayayyen rumbu ya fi cin hatsi.

Faifai ma haka. Kowane ɗalibi ya zo da na gidansu, ya auna kewayensa da zare, ya auna faɗinsa ta tsakiya, sa'an nan ya raba na farko da na biyu. Babba ne ko ƙarami, amsar uku ce da 'yar ɗoriya. Wanda ya gano wannan da hannunsa da wuya ya manta.

Dagin Arewa, wanda aka sani da zamanin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya fi waɗannan zurfi. A zana shi a takarda, a juya shi digiri 90, zai koma yadda yake. Amma a dube shi a madubi: zaren da ya bi ta sama yanzu ya koma ƙasa. A nan ɗalibi zai ga bambancin juyawa da kifewa ba tare da dogon bayani ba. Masu ɗinkin hula da masu zanen ƙwarya sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida.

Tunanin ba baƙo ba ne. Claudia Zaslavsky ta Amurka ta wallafa littafinta kan lissafin Afirka a 1973, Paulus Gerdes kuma ya shafe shekaru a Mozambik yana nazarin lissafin masu saƙar kwando. Tun kafin su, Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lambobi.

Sai dai zane ba hujja ba ne, kuma nan ne wasu malamai kan tsaya tun tafiya ba ta ƙare ba. Ɗalibi ya shata da'ira, ya riƙa dasa kamfas a bakinta ba tare da ya sauya buɗinsa ba, zai ga sau shida cif ya zagayo, fure mai ganye shida ya fito. Ya yi masa kala in ya so. Daga nan sai malami ya tambaya: don me shida, ba biyar ko bakwai ba? Amsar tana cikin alwatika shida masu gefe daidai da suka haɗu a cibiya, kowace da kusurwar digiri 60, jimilla 360.