Jariri Yana Ji, Yana Gani

Uwargida, mutane da yawa suna tsammani jariri bai san kome ba sai kuka da shan nono. Ba haka ba ne. Tun yana ciki ya ke jin muryarki. Da haihuwarsa kuwa yana ganin abin da ke kusa, kamar nisan ƙirjinki da fuskarki. Saboda haka in kina ba shi mama, ki dube shi, ki yi masa magana. Wajen cikar arba'in za ki ga ya soma mayar miki da murmushi.

A ɗakin shan magani na kan ga mai ɗan fari ta kau da kai don kunya. To, a yi kunya gaban surukai. Cikin ɗaki kuwa ki yi masa wasa, gama daga bakinki zai koyi magana.

In ya soma ƙyuya wajen wata 8, kada a tsawata masa. Alama ce ya san nasa.

Amma in ya cika wata 6 ba ya waiwayar kira, ku kawo shi a duba kunnensa. Kada ku jira.