Saƙon da Ya Fake da Gaskiyar Kano Don Ya Hana 'Yan Mata Rigakafi

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp, daga zauren dangi zuwa na iyayen ɗaliban Islamiyya. Mai maganar ya ce shi likita ne, amma bai faɗi sunansa ba, bai kuma faɗi asibitin da yake aiki ba. Cewa yake duk lokacin da talaka ya bankaɗo wata ƙulla-ƙulla, sai masu mulki da 'yan boko su ce "tatsuniyar makirci ce" don su toshe masa baki. Haka aka ce a kan gwajin maganin da aka yi da yaran Kano, in ji shi, sai ga shi ya tabbata. Daga nan ya yanke hukunci cewa allurar da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ta kashe mahaifa ce, kuma duk wanda ya musa ɗan koren Turawa ne. Gwaggona ce ta turo min, tana tambaya ko ta hana a yi wa jikokinta. Na san iyayen da tuni suka hana.

Farkon maganarsa akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya yi gwaji da yara 200. Kusan rabinsu aka ba sabon magani mai suna Trovan, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon maganin, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurunta ko shanyewar jiki. Iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kamfanin ya dage cewa an nemi yardarsu da baki, kuma sanƙarau ne ya yi kisan, ba maganin ba. Jaridar Washington Post ce ta fallasa labarin a Disamban 2000, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya samu cewa an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Uwar da ta san wannan labarin ta ɗaga hannu ta ce a dakata, ba jahila ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ya kuma ambaci Tuskegee a Amurka. Wannan ma ya faru: daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar ƙasar ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere, ta ƙi yi musu magani ko bayan da penisilin ya wadata, don kawai ta ga yadda ciwon ke cin jiki. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Inda ya ce allurar ciwon aka yi musu, nan ya kauce, domin mutanen suna ɗauke da shi tun farko, hana su magani aka yi. Akwai ma wani da bai ambata ba. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad na Pakistan don neman Usama bin Laden, abin da ya jefa ma'aikatan rigakafi na gaskiya cikin haɗari.

Saboda haka ina tare da shi a abu guda: ana amfani da wannan laƙabi na "tatsuniyar makirci" wajen rufe wa mutane baki. Na sha jin jami'i a rediyo, maimakon ya amsa tambayar da uba ya yi masa, sai ya ce ai jita-jita ce ta marasa ilimi, ya wuce. Uban bai samu amsa ba, an ƙara masa da cin fuska, ya koma gida zarginsa ya ninku. Mai yin haka yana taya masu ƙarya aiki ne bai sani ba. Kiran magana tatsuniyar makirci bai isa ya mayar da ita ƙarya ba.

Amma kuma bai isa ya mayar da ita gaskiya ba, kuma nan ne wayon mai saƙon yake. Ya mayar da laƙabin garkuwa: in ka gaskata shi ya ci, in ka ƙaryata shi ya ce ka ga, dama na ce za su musa. Maganar da babu wata hujja a duniya da za ta iya rushe ta ba bincike ba ce. Ku duba yadda aka gano waɗancan na gaskiya. A Tuskegee wani tsohon ma'aikacin hukumar lafiyar, Peter Buxtun, ya fito da sunansa ya miƙa wa 'yan jarida takardu. A Kano akwai sunan magani, da sunan asibiti, da adadin yara, da iyayen da suka tsaya gaban kotu. Mai saƙon nan bai kawo yarinya ɗaya ba, bai kawo gari ɗaya ba, ko sunansa bai yarda ya bayar ba.

Sauran abin da ya jero ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ce CIA ce ta ƙirƙiro laƙabin a 1967. Takardar da hukumar ta rubuta a shekarar, kan yadda za a mayar da martani ga masu shakkar rahoton kisan Shugaba Kennedy, tana nan, amma jaridun Turanci sun riga ta amfani da kalmar tun ƙarni na 19. Ya ce 5G ce ta kawo korona, alhali cutar ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020, 5G kuwa sai a 2022 ta fara aiki a ƙasar. Ya ce a ɗakin gwajin Amurka aka haɗa ƙanjamau, alhali an samu ƙwayar cutar a jinin da aka ɗiba a Kinshasa tun 1959, kuma hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ce ta baza wannan labarin da gangan, ta fara da wata jaridar Indiya a 1983.

Wanda ya hana ni barci shi ne na allurar 'yan mata, domin shi ne ke iya kashe mutum.

Sankarar bakin mahaifa, wadda allurar ke rigakafinta, tana kama mata kimanin 12,000 a shekara a Najeriya, tana kashe kimanin 8,000, bisa ƙididdigar 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar. Kusan dukkanta wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo ta, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Mace kamila tana iya ɗaukarta a ɗakin mijinta, shi ma bai san yana da ita ba, domin sau da yawa ba ta nuna alama. A jikin yawancin mutane takan gushe da kanta. A jikin wasu takan zauna shekara goma ko ashirin tana ɓarna a ɓoye, sai mace ta fara ganin jini ba na al'ada ba, ta yi ta jiƙe-jiƙe, kafin a kai ta asibiti abu ya yi nisa. Idan an tare shi da ɗan sauran lokaci, maganin sau da yawa shi ne cire mahaifa ko gasa wurin da na'ura, kuma duka biyun suna raba mace da haihuwa. Wato abin da iyaye ke gudu daga allurar, shi ne ainihin abin da ciwon ke yi.

Najeriya ta fara wannan rigakafin ranar 24 ga Oktoba, 2023, da nufin kaiwa ga 'yan mata miliyan 7.7, kuma Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi suna cikin rukunin farko. Mai saƙon ya ce da mu ake gwaji. Ba haka ba ne, kuma a wannan ina da tabbaci. An amince da allurar tun 2006. Ostiraliya ta fara yi wa 'ya'yanta a 2007, Ingila a 2008, Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, a 2010, Ruwanda a 2011. Mu a baya muka zo, bayan shekara 17, kuma matan da suka rasu a tsakani su ne suka biya kuɗin jinkirin. Trovan sabon magani ne da ba a gama saninsa ba, aka ba kusan rabin yara 200 a cikin ruɗani. Wannan kuwa an yi ɗaruruwan miliyoyinta a duniya, masu arziki suka fara da nasu 'ya'yan.

Me aka gani a waɗannan shekarun? A Suwidin an bi 'yan mata da mata kusan miliyan 1.7, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. A Ingila, binciken 2021 ya nuna raguwar kashi 87 ga waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. Batun haihuwa kuma ba a share shi ba, an bincika shi kai tsaye. A Denmak an duba bayanan 'yan mata da mata kusan miliyan ɗaya, a 2021 aka bayyana cewa ba a ga alaƙa tsakanin allurar da tsayawar aikin ƙwan mace ba. Akwai takarda ɗaya ta 2018 da ta yi iƙirarin cewa waɗanda aka yi wa ba su cika ɗaukar ciki ba, kuma ita masu irin wannan saƙo ke yawo da ita. Mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2019 saboda manyan kurakurai a lissafinta. Japan ta taɓa dakatar da kiran jama'a zuwa allurar a 2013 bayan ƙorafe-ƙorafe, ta yi shekaru tana bincike, ta dawo da shi a 2022.

Tambayoyin da iyaye ke yi suna da amsa, kuma haƙƙinsu ne a ba su. Me ya sa ƙananan yara? Domin allurar tana kare jikin da bai riga ya haɗu da ƙwayar ba, don haka kafin aure ta fi amfani. Ba zargin tarbiyyar kowa ake yi ba. Me ya sa mata kaɗai? Domin su ciwon ya fi kashewa kuma allurar ba ta wadata ba. Inda take da yawa har maza ake yi wa, kamar Ostiraliya tun 2013 da Ingila tun 2019. Me ya sa kyauta, a ƙasar da ko farasitamol sai ka saya? Wannan tambayar tana da zafi, kuma gwamnatoci ne suka jawo ta da sakacinsu. Amsar dai ita ce Gavi, ƙawancen tallafa wa rigakafi na duniya, shi ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin, kamar yadda yake yi a wasu alluran yara.

Ba zan ce ba ta da illa ko kaɗan ba. Hannu yakan yi tsami, wata ta yi ɗan zazzaɓi, wata ta yi jiri har ta suma, shi ya sa ake zaunar da yarinya minti 15 bayan an yi mata. Akwai kuma mummunan borin jiki da kan samu ɗaya ko biyu cikin miliyan. Ba ta kuma kare kowane nau'in ƙwayar ba. Nau'i biyu da suka fi ɓarna, masu jawo kimanin kashi 70 na ciwon, suna cikin waɗanda take tarewa, don haka ko an yi wa mace tana buƙatar gwajin bakin mahaifa idan ta girma.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne mun taɓa bin wannan hanyar. A 2003 aka ce ɗigon shan inna yana hana haihuwa, Kano ta dakatar da shi har zuwa Yulin 2004, lokacin da aka samo wanda aka haɗa a Indonesiya. Yaran da cutar ta shanye a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, kuma ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. A Fabrairun 2013 aka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Rashin haihuwar da aka yi ta tsoro fa? Yaran da suka sha ɗigon nan sau da dama yanzu su ne ke goyo a gidajenmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Katsina 7.3 ne, a Jigawa 7.1, suna cikin mafi yawa a duniya. Waɗanda suka yi wancan zargin ba su dawo sun ba iyayen guragu haƙuri ba. Yanzu an ɗauko zargin yadda yake, an canja masa sunan allura kawai.

Ga wanda ya naɗi saƙon: in da gaske kai likita ne, ka fito da sunanka da lambar rajistarka, ka kawo hujjarka gaban Hukumar NAFDAC ko kotu, kamar yadda iyayen yaran Kano suka yi. In ba za ka iya ba, ka ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane.

Iyaye kuma, ba na ce ku daina tambaya ba. Ku je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ku ce a nuna muku kwalbar, ku karanta sunanta da ranar lalacewarta, ku tambayi ungozoma ko an yi wa tata 'yar. Wanda ya amsa muku da cewa jahilci ne, ku wuce shi ku nemi wani. Idan kun gamsu, ku kai 'yan matanku masu shekara 9 zuwa 14 a yi musu. Sau ɗaya ake yi, kuma ba a biyan ko kwabo. Saƙon nan kuwa, don Allah kada ku ƙara tura wa kowa.