Me Ya Hana Garkuwar Jiki Kutsawa Cikin Ƙarin Daji?

A jinin kowannenmu akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T, masu farautar duk ƙwayar halittar da ta lalace. To, me ya sa ciwon daji ke gagararsu?

Sau da yawa ba su ma isa wurinsa. Ƙarin dajin nono ko na hanji yakan lulluɓe kansa da tsauraran zaruruwa, ɓawo bisa ɓawo kamar albasar Aliero. Jijiyoyin jinin da ke cikinsa a murɗe suke, iska ba ta wadata, sannan yana fitar da sinadaran da ke sanyaya gwiwar mafarautan. Shi ya sa maganin CAR-T mai aiki da ƙwayoyin T, wanda Amurka ta amince da shi a 2017, ya yi tasiri a kan dajin jini, amma ƙari mai tauri na ba shi wahala har yau.

Don gano inda ake maƙalewa, masana suka daina dogaro da ɓera da ƙwayoyin da aka shimfiɗa a faranti kaɗai. A 2009, ɗakin binciken Hans Clevers a birnin Utrecht na ƙasar Holan ya raini ɗan mitsitsin hanji a wajen jiki. Yanzu da wannan dabara ake ɗebo ɗan yanki daga ƙarin majinyaci, a raine shi ya zama ɗan dunƙule, a sako masa ƙwayoyin T, a zuba ido ta madubin likita: nawa suka shiga, nawa suka tsaya a baki, wane magani ya buɗe musu hanya?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, akasarin ƙwayoyin da ake gwajin da su daga Turawa aka samo. Alhali nau'in dajin nonon da ba ya jin maganin homon ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma. Mace 'yar Maiyama ta jihar Kebbi da aka kai asibitin koyarwa na Sakkwato ta cancanci maganin da aka gwada a kan irin cutarta.

Jihar Kebbi na da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega. Rainon ƙwayoyi na buƙatar lantarki marar yankewa, da na'urar ɗumi, da ƙwararrun hannu. Ya kamata gwamnatin jiha ta samar musu da waɗannan, a kuma haɗa su da likitocin da ke ganin majinyatan.