Buɗe Ƙofa ko Ƙwanƙwasa Ƙofa: Hanyoyi Biyu da Ingila ta Gwada Wajen Tallafa wa Iyalai

A Ingila, idan rayuwar yaro ta shiga haɗari a gidan iyayensa, ƙaramar hukuma ce doka ta ɗora wa alhaki. Dokar yara ta 1989 ta wajabta mata ta bincika, ta je kotu idan ta kama, ta kuma biya kuɗin riƙon yaron a wani gida. A 2010 yara wajen 65,000 ne ke hannun ƙananan hukumomi ta wannan hanya. Zuwa watan Maris na 2023 sun haura 83,000. Babu mai musun cewa rigakafi ya fi magani. Inda ake saɓani shi ne yadda hukuma za ta isa ga iyali tun kafin abu ya lalace. Cikin shekaru ashirin da biyar ƙasar ta gwada amsoshi biyu, kowace da maƙudan kuɗi, kuma duka biyun sun bi ta hannun ƙananan hukumomi.

Amsa ta farko ita ce Sure Start, shirin da gwamnatin Labour ta Tony Blair ta sanar a 1998, aka fara aiki da shi a 1999 da kimanin fam miliyan 450 na shekara uku. Unguwa aka zaɓa, ba gida ba. Aka nemi unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu, aka buɗe cibiya a inda uwa za ta iya zuwa a ƙafa tana tura keken jaririnta, aka ce duk mai ƙaramin yaro a unguwar ya shigo, mai hali da maras hali. A shekarun farko iyayen unguwa na cikin kwamitin da ke yanke shawarar abin da za a yi da kuɗin. Daga baya aka miƙa ragama ga ƙananan hukumomi, aka faɗaɗa shirin har cibiyoyin suka kai wajen 3,600 a 2010.

Ga yadda safiya take a irin wannan cibiya. Uwa ta kawo jaririnta awo. Ma'aikaciyar lafiya ta ɗora shi a sikeli, ta rubuta nauyinsa a jan littafin da ake ba kowane jariri a ƙasar. A ɗakin da ke kusa yara na wasa da yashi da fenti, iyaye na shan shayi suna hira. Tana cikin mayar wa jaririn riga, ma'aikaciyar ta lura idanun uwar sun faɗa, ta tambaye ta ko tana samun barci. Daga wannan tambaya ake gano ciwon damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ko bashin haya da ya taru, ko miji mai duka. Wata ma'aikaciyar kuma ta ga ɗan shekara biyu da rabi bai fara haɗa kalmomi ba, ta sa a duba kunnensa. Babu wanda aka kira da sunan mai matsala. Awo aka zo, taimako ya biyo baya.

Amsa ta biyu ta zo ne bayan tarzomar da ta ɓarke a Landan da wasu biranen Ingila a watan Agusta na 2011. A watan Disamba na shekarar, Firaminista David Cameron ya ƙaddamar da shirin Troubled Families, ya ɗora Louise Casey a kansa, da fam miliyan 448 da alkawarin gyara rayuwar iyalai 120,000 kafin 2015. A nan gida ake zaɓa. Ƙaramar hukuma za ta haɗa bayanan 'yan sanda da na makarantu da na ofishin marasa aikin yi, ta fitar da gidajen da ke da yaro mai aikata laifi, ko mai gudun makaranta, ko babba da ke zaune ba aiki. Sai a tura musu ma'aikaci guda ɗaya wanda zai riƙe al'amarin gidan gaba ɗaya.

Wannan ma'aikaci guda shi ne ƙarfin shirin. Gidan da ke cikin irin wannan hali ya saba ganin jami'ai iri-iri: na makaranta ya zo don yaro ɗaya, na gidaje ya zo don haya, ɗan sanda ya zo don babban ɗan, kowa ya cika takardarsa ya tafi, ba wanda ya ga gidan a dunƙule. Sabon ma'aikacin kuwa yakan iso da sassafe, ya taya uwa tashin yara, ya raka su har ƙofar makaranta. Ya dawo ya zauna da ita a kan tebur su buɗe wasiƙun bashin da ta daina buɗewa don tsoro, su jera su, su fara da wanda zai iya jawo a kore su daga gida. Aiki ne na naci da haƙuri, kuma yana isa inda cibiya ba ta isa.

Idan aka ɗora su a sikeli, bambanci na farko shi ne wanda kowannensu ke kaiwa gare shi. Ƙofar da ke buɗe ga kowa ba ta jawo wa mai shiga kunya, amma sai mai ƙarfin fitowa ne ke shiga. Binciken farko da aka yi wa Sure Start, wanda ya fito a 2005, ya nuna cewa 'ya'yan matan da suka haihu da ƙuruciya da na gidajen da ba mai aiki ba su amfana kamar sauran ba, har ma ta wasu fuskoki sun ɗan koma baya. Waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi wuyar fitowa. Troubled Families ya magance wannan, domin shi yake zuwa har gida. Sai dai sharuɗɗansa sun nuna cewa ya makara. Kafin gida ya cancanci shiga, sai yaro ya riga ya daina zuwa makaranta ko ya shiga hannun 'yan sanda. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga kuma tabon da shirin ya shafa wa mutane. Adadin 120,000 an samo shi ne daga wani tsohon ƙiyasi na gidajen da ke fama da talauci da rashin lafiya da munin muhalli, amma aka riƙa maganarsu tamkar su ne masu tayar da fitina.

Bambanci na biyu shi ne yadda kuɗi ke tafiya. A zagayen farko na Troubled Families, ana biyan ƙaramar hukuma har fam 4,000 a kan kowane gida, wani kaso tun farko, saura kuma idan ta ce gidan ya gyaru. Hukumomin da aka zaftare wa kasafi aka bar wa aikin auna nasarar kansu. A 2015 gwamnati ta yi shelar cewa kashi 99 cikin ɗari na gidajen sun gyaru. A watan Oktoba na 2016 bincike mai zaman kansa, wanda cibiyar NIESR ta yi aikin alƙalumansa, ya ce bai ga wani tasiri na a zo a gani ba a kan samun aiki ko zuwa makaranta ko aikata laifi, idan aka kwatanta da gidaje masu irin halin da ba su shiga shirin ba. Sure Start ya sha tasa wahalar ta wata fuska. Da farko kuɗinsa a killace yake, ba a taɓa shi don wani aiki. A 2011 aka cire wannan shinge, a daidai lokacin da gwamnatin tsakiya ke rage abin da take ba ƙananan hukumomi. Shugaban hukumar da kuɗi suka yi wa ƙaranci ba shi da zaɓi mai yawa: riƙon yaron da kotu ta ƙwace dole ne a doka, ɗakin wasan jarirai kuwa ana iya rage masa kwanaki ko a rufe shi. Zuwa 2022 kuɗin shirin ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, an rufe cibiyoyi sama da 1,300.

Bambanci na uku shi ne lokacin da amfani ke bayyana, kuma a nan ne labarin ya fi ban takaici. Sai da aka rufe da yawa daga cikin cibiyoyin sannan hujja ta iso. Cibiyar nazarin kasafi ta IFS ta bi sawun yaran da suka tashi kusa da cibiyoyin Sure Start. A 2021 ta gano cewa suna 'yan shekara ɗaya an fi kwantar da su a asibiti, amma da suka girma abin ya juya, har shirin yana hana kwantar da yara 'yan shekara 11 zuwa 15 fiye da sau 13,000 a kowace shekara. A 2024 ta gano cewa 'ya'yan talakawa da suka tashi kusa da cibiya sun fi takwarorinsu sakamako a jarrabawar GCSE da ake yi a shekara 16, kuma amfanin ya fi yawa a cibiyoyin farko, masu kasafi mai kauri da ma'aikatan bin gida. Amma ba ta ga shirin ya rage yawan yaran da ke faɗawa hannun hukuma ba. A wannan fage Troubled Families ne ya yi abin kirki. A zagaye na biyu, daga 2015, an faɗaɗa sharuɗɗa suka haɗa da rashin lafiya da dukan mata a gida, aka nufi iyalai 400,000. Binciken 2019 ya nuna cewa bayan kimanin shekara biyu, yaran da aka raba da iyayensu a gidajen shirin sun yi ƙasa da na gidaje masu irin halin da ba su shiga shirin ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2021 aka sauya masa suna zuwa Supporting Families.

A ganina, idan dole ne a fifita ɗaya, buɗaɗɗiyar ƙofa ce tushe. Dalilina shi ne, ita ce kaɗai ke ganin iyali tun kafin sunansu ya shiga kundin 'yan sanda ko na makaranta, kuma ita ce ke gina yardar da ke sa uwa ta faɗi abin da ke damunta. Ma'aikacin da ya fito daga cibiyar da aka saba kai jariri awo ba a karɓarsa kamar wanda ya zo da jerin sunaye daga ofis. Amma cibiyar da ta zauna tana jiran masu zuwa za ta yi ta hidima ga masu ɗan sauƙi, ta bar waɗanda suka kulle kansu a ɗaki. Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar hanyoyin biyu kamar kishiyoyi, aka rushe ɗaya ana gina ɗaya, alhali kowace tana toshe ɓarakar 'yar'uwarta.

Alamu sun nuna an fara gane haka. Rahoton da Josh MacAlister ya fitar a 2022 kan kula da yara ya ba da shawarar a kafa tawagogin taimakon iyali a cikin unguwanni, masu haɗa ma'aikata daga fannoni daban-daban. A shekarar ce aka ware wajen fam miliyan 300 don cibiyoyin iyali a ƙananan hukumomi 75, a 2025 kuma gwamnati ta yi alkawarin kai su kowace ƙaramar hukuma. Ko wannan zai ɗore ya dogara ga abubuwa uku da shirye-shiryen biyu suka koyar. A killace kuɗin taimakon farko na shekaru masu yawa, yadda shugaban hukuma ba zai cinye shi a ranar matsi ba. A daina biyan hukuma a kan nasarar da ita ce ke auna wa kanta. A kuma ajiye ma'aikacin bin gida a cikin cibiyar unguwa, ba a wani ofishi na daban ba. Yaron da aka taimaka wa yana shekara biyu sai ya kai goma sha shida ake ganin cikakken sakamakon, kuma a tsakanin nan za a yi zaɓe sau biyu ko fiye. Ƙasar da ke son 'ya'yanta su amfana dole ta amince ta biya kuɗin aikin da wata gwamnati ce za ta ci yabonsa.