Yadda ake lissafin ruwan sama a inda babu ma'auni, da abin da kuskurensa ke jawowa

A watan Afrilun 2016 gwamnatin Malawi ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda fari, kuma aka ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 6 na buƙatar agajin abinci. Ƙasar ta riga ta sayi inshorar fari daga African Risk Capacity, hukumar da Tarayyar Afirka ta kafa domin irin wannan rana. Amma da aka duba manhajar da ke yanke hukuncin biyan diyya, sai ta nuna cewa waɗanda farin ya shafa ba su kai adadin da za a biya ba.

Irin wannan manhaja ba ta zuwa gona. Da lissafi take aiki, kuma tushen lissafin tambaya ce guda: idan an auna ruwa a wurare kaɗan, yaya za a san abin da ya sauka a sauran wuraren?

Amsar ta samo asali ne daga ramin haƙar zinari. A 1951 wani injiniya ɗan Afirka ta Kudu, Danie Krige, ya fitar da hanyar ƙiyasta yawan zinarin da ke ƙarƙashin ƙasa daga 'yan ramukan gwaji. A shekarun 1960 Bafaranshe Georges Matheron ya gina mata ka'idojin lissafi, ya sa mata sunan Krige. Hikimar ita ce wurare biyu da ke kusa sun fi kama da juna a kan waɗanda ke nesa. Don haka ana fara auna yadda kamannin ke raguwa yayin da tazara ke ƙaruwa, sannan a ba kowace tasha nauyi daidai da kusancinta da wurin da ake son ƙiyastawa. Ga ruwan sama ana ƙara lokaci a kai, domin damshin da ƙasa ta riƙe daga makon jiya yana shafar amfanin ruwan wannan mako, kuma kwana ashirin ba ruwa lokacin da masara ke fitar da geza ya fi ɓarna a kan kwana ashirin bayan ta nuna.

A yankin Sahel wannan ka'ida tana shan wahala. Yawancin ruwan damina hadari ne mai wucewa ke kawo shi, ya jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba. A farkon shekarun 1990 masu binciken shirin EPSAT-Niger sun dasa ma'aunan ruwa kusan ɗari a kewayen Yamai, suka tabbatar da alƙaluma abin da manomi ya daɗe da sani: jimillar ruwan damina kan bambanta ƙwarai tsakanin wuraren da tazararsu ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. Ga shi kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sha nanata cewa Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin awo.

Tauraron ɗan Adam ne ake cike giɓin da shi. Rumbun bayanai na CHIRPS, wanda masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka haɗa, ya raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 5 a tsawo da faɗi, kuma bayanansa sun faro daga 1981. Sai dai tauraron sanyin saman gajimare yake aunawa, tunda gajimare mai tsawo da sanyi shi ya fi zubar da ruwa. Daga nan a gyara ƙiyasin da alƙaluman tashoshin ƙasa. Inda tashoshin suka yi ƙaranci, gyaran ma yakan yi rauni, alhali launin taswirar yana nan tas kamar na wurin da aka auna.

Tsarin yakan yi aiki. Bayan daminar 2014, Nijar da Senegal da Muritaniya sun karɓi sama da dala miliyan 26 daga inshorar a farkon 2015, ba tare da jiran taron neman agaji ba.

A Malawi kuwa, bincike ya gano cewa matsalar ta fi ƙarfi a wajen zaton da aka shigar wa manhajar. An saita ta a kan masara mai daɗewa kafin ta nuna, alhali manoma da yawa sun koma shuka mai saurin nuna, wadda tsayawar ruwan ta faɗo mata a mafi munin lokaci. Da aka gyara, lissafin ya sauya, aka biya dala miliyan 8.1 a watan Janairun 2017, wata tara bayan ayyana dokar ta-ɓacin.

Akwai wani abu da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa nema. Hanyar Krige taswira biyu take fitarwa: ɗaya ta ƙiyasi, ɗaya kuma ta girman kuskuren da ka iya kasancewa a kowane wuri. Ta farkon ce ke shiga rahotanni da tarukan manema labarai. Ta biyun, wadda ke nuna ƙananan hukumomin da aka yi wa hasashe daga tashar da ke nesa da su, galibi a kwamfutar ƙwararru take tsayawa.