Lambar da Ke Tsaya Maka a Shafin Intanet

Shafin intanet ba ya riƙe fuska. Tsarin HTTP yana ɗaukar kowace buƙata a matsayin ta baƙo, ko da daƙiƙa ɗaya ce tsakaninta da wadda ta gabace ta. Shi ya sa idan ka shigar da sunanka da kalmar sirri, sabar takan ba burauzarka wata lamba, galibi a cikin kuki. Daga nan duk inda ka latsa, lambar ake dubawa, ba kalmar sirrin ba.

Kamar katin da mai gadin babura yake miƙa maka ne a bakin kasuwa. Sai dai shi mai gadi yana iya gane ka. Sabar kuwa, duk wanda ya kawo mata katin, shi ne kai.

To idan katinka 4071 ne, wane ne bai san na mai bi maka ba? A 2001 Kevin Fu da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka sun tarar da irin wannan a shagon littattafai na Fatbrain.com: lambobin na bin juna, ka sauya taka kaɗan ka faɗa asusun wani.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne lambar da ido ke gani a hargitse alhali lissafi ne ya haife ta. Sabar Jetty ta taɓa yin nata da java.util.Random, wanda duk sirrinsa bit 48 ne. Mai kutse na iya shiga, ya karɓi lambobinsa na halal, ya gano inda lissafin ya kai, sai ya fitar da na sauran mutane. A 2007 aka bayyana matsalar, bayan an koma SecureRandom. A 2010 kuma Samy Kamkar ya nuna rauni makamancin haka a PHP, inda lokacin shiga da adireshin IP ke cikin abin da ake haɗa lambar da shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda aka cuta bai yi sakaci ba. Kalmar sirrinsa na iya zama mai ƙarfi, ya kuma shigar da lambar da aka turo masa a waya. Duk wannan a ƙofa ne, ɓarawon kuwa ta taga ya shigo. Nauyin na kan mai gina shafin. Ƙungiyar OWASP ta ba da shawarar lambar ta ƙunshi aƙalla bit 64 da ba a iya hasashensu, daga injin da aka ƙera don tsaro. A sabunta ta da zarar mutum ya shiga, a kuma kashe ta a sabar idan ya fita.